Kwamfutar shagon Kawu da Windows ɗin da aka daina yi wa faci

Ranar wata Asabar da hantsi Kawu ya kira ni, ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce "kai ɗan nan in kana kusa ka zo shago, kwamfutar nan ta ƙi buɗe komai a intanet, ga yara sun cika min benci suna jira." Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shagon buga takardu gare shi, irin wanda ake taifin da fotokwafi da laminatin da katin biki, ya fi shekara goma a wannan sana'a kuma da ita yake riƙe gidansa. Kwamfutar da yake magana a kai ta tebur ce, 'yar gwanjo, Core 2 Duo, ram ɗinta giga 2 kacal, kuma Windows 7 ce a kanta tun ranar da aka sayo ta, ba a taɓa canjawa ba sai dai a yi fomatin a sake ɗora ita ɗin dai.

Da na je na tarar duk shafin da aka buɗe sai burauza ta fito da jan gargaɗi wai haɗin nan ba amintacce ba ne. Ina duba agogon da ke can kusurwar ƙasa sai na ga kwamfutar tana ganin a 2009 muke. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod ne ya mutu, CR2032 ake ce masa, shi ne yake riƙe kwanan wata in an kashe kwamfuta, toh da ya mutu duk lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tada inji sai agogo ya koma baya, su kuma shafukan intanet kowanne da satifiket ɗin tsaronsa mai ɗauke da ranar farawa da ranar ƙarewa, in agogonka ya ce 2009 ai a wajenta satifiket ɗin bai ma fara aiki ba. Na aiki yaron shago ya sayo batir, na buɗe murfin, ƙurar da na gani a kan fanka ta hunturu wajen uku ce wallahi, na hure ta na sa batir na gyara agogo, shafuka suka buɗe, yara suka samu aka buga musu takardunsu. Kawu ya ce "Allah ya yi maka albarka" ya ɗauka an gama.

Ni kuma a nan hankalina ya fara tashi. Don kafin in tashi na leƙa wajen Windows Update in ga yaushe rabon kwamfutar nan da afdet, sai na ga an kashe shi gaba ɗaya, kuma abin ƙarshe da ya shiga tun 2016 ne. Na tambayi Kawu ya ce wani injiniya ne ya kashe, ya ce masa afdet data kawai yake ci ba ya ƙara komai. A kan wannan kwamfutar ake shiga imel ɗin mutane, a kanta ake cike fom na makaranta da na neman aiki, mutum ya zo ya zauna ya rubuta fasuwod ɗinsa ya sa lambar BVN ɗinsa ko NIN, kuma a rana filash nawa ake soka mata? Ni dai da ina zaune na ƙirga bakwai cikin awa biyu.

Bari in ɗan yi bayanin abin da ake nufi da a ce an daina kula da Windows, don mutane da yawa sun ɗauka in ranar ta zo kwamfuta ce za ta mutu ko ta ƙi tashi, da suka ga ranar ta wuce tana aiki lafiya sai suka ce ashe dama tsoratarwa ce. Abin ba haka yake ba. Duk Talata ta biyu ta kowane wata kamfanin Microsoft yana fitar da faci, wato gyaran kafofin da aka gano masu kutse za su iya bi su shiga kwamfuta. Windows 7 ta fito a Oktoban 2009, aka yi ta yi mata wannan facin har ranar 14 ga Janairun 2020, daga ranar aka tsaya. Kamfanoni masu kuɗi aka ba su damar su biya a ci gaba da ba su na shekara uku, shi ma wannan ya ƙare ranar 10 ga Janairun 2023. Kwamfutar tana nan tana tashi tana buga takarda, sai dai duk kafar da aka gano daga baya a buɗe take kuma a buɗe za ta zauna. Abin da ya fi damuna ma shi ne su Windows ɗin nan 'yan gida ɗaya ne, da yawa daga cikin kayan cikin 7 suna nan a cikin 10 da 11, don haka in an fitar da facin sabuwa masu kutse sai su zauna su duba me aka gyara, su je su gwada wurin a jikin tsohuwa, sau da yawa su tarar ƙofar tana nan.

Wanda yake ganin wannan labari ne kawai ya tuna WannaCry. Ranar 12 ga Mayun 2017 wannan bairos ɗin ya ɓarke, yana kulle fayilolin mutum ya ce sai an biya dala 300 da Bitcoin, cikin 'yan kwanaki ya shiga ƙasashe sama da 150, a Ingila asibitocin gwamnati sai da suka soke ganin marasa lafiya kusan 19,000, wasu ma motar asibiti sai dai a juya ta wani wuri. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai a labarin shi ne facin da zai hana wannan an fitar da shi tun watan Maris, wata biyu kafin abin ya faru, kuma yawancin kwamfutocin da ya kama Windows 7 ne, wadda a lokacin ana kan kula da ita, mutane ne kawai ba su sa afdet ba. Wato kwamfutar Kawu da aka kashe wa afdet a 2016 ko facin WannaCry ba ta da shi, shekara da shekaru tana zaune a haka tana hawa intanet. Abin ya yi muni a lokacin har sai da Microsoft ya fitar wa Windows XP faci na gaggawa alhali tun 8 ga Afrilun 2014 aka sallame ta, ya sake yin haka a Mayun 2019 saboda wata kafa da aka sa wa suna BlueKeep. Amma wannan sai abu ya kai intaha ake yi, ba abin da mutum zai zauna yana jira ba ne.

Toh ga inda nake so a fahimce ni sosai, don a nan na ga ana ruɗa mutane. In an ce za a yi wa tsohuwar Windows afdet abu biyu ne kuma ba ɗaya suke ba. Na farko shi ne ka kwaso duk facin da aka riga aka fitar kafin a rufe ƙofa, wanda kwamfutarka ba ta taɓa karɓa ba. Wannan halak ne, kyauta ne, yana nan har gobe kuma duk mai tsohuwar Windows ya kamata ya yi shi. Na biyu shi ne ka samu sabon faci na kafofin da aka gano bayan an rufe, wannan kuma shi ne mai wuya, ko dai ka biya, ko ka bi wata ɓarauniyar hanya, ko kuma babu shi kwata-kwata. Duk wanda ya ce maka ya yi wa Windows 7 ɗinka afdet har zuwa bana ka tambaye shi wanne ya yi a cikin biyun nan kuma daga ina ya samo.

Na farkon shi na yi wa Kawu, kuma ya ci min yinin Lahadi cur. Kafin in taɓa komai na kwashe fayilolinsa na zuba a had dis na waje, zanen katunan biki na CorelDraw na shekaru, takardun mutane, hotunan fasfo, don kwamfutar da ta tsufa haka ba ka san me ristat ɗaya zai jawo ba. Sannan na kunna Windows Update sai ta tsaya tana ta lalube, awa ɗaya awa biyu koren layin nan yana ta wucewa babu abin da ya fito. Wannan sanannen ciwon Windows 7 ne, kuma dalili ɗaya babba shi ne a 2019 Microsoft ya canja irin hatimin da yake sa wa afdet ɗinsa, ya bar SHA-1 ya koma SHA-2, kwamfutar da ba a koya mata gane sabon hatimi ba ba za ta karɓi komai ba. Maganin shi ne ka shiga Microsoft Update Catalog da wata kwamfutar ka sauke biyu da hannu, KB4490628 da KB4474419, ka kula ka ɗauki wanda ya dace da taka, in Windows ɗinka mai bit 32 ce ka ɗauki na 32, in mai 64 ce na 64, kuma sai ta kasance tana da babban ƙunshin afdet ɗin nan da ake ce wa Service Pack 1 tukuna. Na sa su na yi ristat, daga nan ne abubuwa suka fara zuwa. Na ƙarshen da aka ba kowa kyauta shi ne dunƙulallen Janairun 2020, KB4534310, shi ne ma wanda ya zo da 'yar matsalar da ke mayar da hoton bango baƙi ƙirin in an saita shi ya miƙe ya cika fuska, har sai da kamfanin ya sake fitar da gyara bayan ya ce ya gama. Ana cikin sa wannan ɗin aka ɗauke wuta, kwamfutar tana rubuta kar a kashe ta, da ba don ƙaramar UPS ɗin da na aro ba da ban san me zan tarar ba. In za ka yi wannan aikin don Allah ka tabbatar da wutarka kafin ka fara.

Da na gama na ce wa Kawu "yanzu kwamfutarku ta kai 2020, amma daga nan ba za ta ƙara gaba ba." Ya yi shiru can ya ce "toh ai wani yaro ya ce yana da Windows 7 sabuwa ta bana, har da antibairos a ciki, ya ce in ba shi kuɗi kaɗan ya ɗora min." Na ce ya kira shi ya kawo filash ɗin in gani. Irin waɗannan ne da ake saukowa daga shafukan da ba a san masu su ba, an canja mata hoto an cire wasu abubuwa an cusa wasu, an kashe afdet an kashe gargaɗin tsaro don ta yi sauri, kuma an riga an yi mata kirak, wato an fasa kariyar lasisinta don ta yi aiki ba a biya ba. Yaron ba mugu ba ne, shi ma haka ya samo kuma da gaske yake ganin taimako yake yi, amma ni ba zan iya ɗora abin da ban san wanda ya haɗa shi ba a kan kwamfutar da bayin Allah suke rubuta sirrinsu a kai. Babu wata Windows 7 ta bana, kamfanin da ya yi ta bai sake fitar da wata ba, wanda ya haɗa wannan kuwa in ya ga dama ya sa abin da zai riƙa kwashe duk abin da aka danna a kibod yana tura masa, kuma antibairos ɗin da shi ya sa da hannunsa ba zai kama shi ba.

Ɓarauniyar hanya kuwa tana da tarihi. Lokacin da aka sallami XP a 2014 wasu suka gano akwai wata 'yar uwarta da ake sa wa injinan karɓar kuɗi na kantuna da makamantansu, Windows Embedded POSReady 2009, ita ana ci gaba da yi mata faci. Sai aka gano in ka ƙara layi ɗaya a rejistiri, wato ma'ajiyar saitin Windows, kwamfutarka za ta riƙa gabatar da kanta a matsayin irin wannan injin, afdet ya yi ta zuwa, kuma haka mutane suka yi ta sha har Afrilun 2019 da ita ma aka rufe ta. Microsoft ya yi gargaɗi a lokacin cewa ba a gwada facin a kan XP ta gida ba kuma ba zai kare ta duka ba. Da aka zo kan 7 ma an samu masu dabarar da ke buɗe afdet ɗin da kamfanoni suke biya. Ni ban bi wannan hanyar ba kuma ba na ba kowa shawarar ta, na ɗaya abin sayarwa ne aka ɗauka ba a biya ba, na biyu sai ka ba wata manhaja da ba ka san asalinta ba cikakken iko a kan kwamfutarka kafin ta yi aiki, wato don ka toshe kafa ɗaya ka buɗe ƙofar gida, na uku kuma shi kansa abin da ake satar ya ƙare.

Akwai hanya ta halak ta samun sabon faci, wani kamfani a ƙasar Sulobeniya, ACROS Security, yana da abin da ya kira 0patch. Su ba sa canja fayilolin Windows, ɗan ƙaramin gyara suke sakawa a lokacin da manhaja take aiki a cikin ram, ko ristat ba a buƙata, kuma sun daɗe suna yi wa Windows 7, sun kuma ce za su riƙe Windows 10 har aƙalla Oktoban 2030. Kuɗinsa kusan Yuro 25 ne a shekara kan kowace kwamfuta. Abu ne mai kyau gaskiya, amma kafofin da suka ga sun fi haɗari suke toshewa ba duka ba, kuma in ka juya Yuro 25 zuwa naira ka faɗa wa mai shagon da yake karɓar kuɗin fotokwafi shafi-shafi za ka ga yadda fuskarsa za ta yi, ga wahalar biya da katinmu a waje.

Wani zai ce me ya sa ba za a sayi sabuwa kawai a huta ba. Wanda yake faɗin haka bai zauna a shago irin na Kawu ba. Akwai wata tsohuwar sikana babba da yake aiki da ita, mai ɗaukar faffaɗar takarda, da ita yake yi wa masu takardun fili da taswirar gini aiki kuma nan ne kuɗi yake ɗan shigowa da kauri, diraibanta kuwa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, a kan Windows 7 ya tsaya, wanda ya ƙera ta bai sake fitar da wani ba. In ya bar 7 ya bar sikana. Ga CorelDraw ɗin da hannunsa ya saba da shi, ido rufe yake haɗa katin biki. Mu a nan yawanci kwamfutar da Turawa suka gama da ita ce take zuwa mana, ka zaga Beirut Road a Kano ka ga laftof jibge, masu kyau masu ƙarfi, amma da yawansu ranar da ka saya sabuwa ce a wajenka alhali a lissafin masu Windows ta kusa ritaya ko ma ta yi. Ranar da suke sawa su ce daga yau an daina, da aljihun mutanen can ake auna ta, mu sai dai mu san yadda za mu yi da abin da ke hannunmu. Shi ya sa nake ganin ba daidai ba ne a tsaya ana yi wa mutum faɗa don yana kan tsohuwar Windows, a nuna masa yadda zai rage haɗarin shi ne taimako.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne muka raba aiki. Kwamfutar tebur ta koma ta sikana da zane da buga takarda kawai, na zare mata wayar intanet na cire ɗan abin wayifai ɗin da ake soka mata na ba Kawu ya sa a aljihun tebur. Na buɗe wani akawun mara ikon admin na ce a nan za a riƙa aiki kullum, shi na admin ɗin na sa masa fasuwod, don yawancin ƙwayoyin bairos ɗin nan in ba su samu ikon admin ba ɓarnarsu tana raguwa sosai. Na kashe SMB1, tsohuwar hanyar musayar fayiloli tsakanin kwamfutoci, wanda ta nan WannaCry ya bi, na kashe damar shiga kwamfutar daga nesa. Kafin in zare intanet ɗin na sa Firefox 115 ESR saboda ko da wata rana dole ta sa an haɗa, don Chrome tun a 109 ya tsaya wa Windows 7 a farkon 2023, shi kuwa Firefox 115 ɗin Mozilla ya yi ta ƙara masa wa'adi yana yi masa gyaran tsaro, duk da shi ma ba na har abada ba ne. Kuma in ka tambaye ni a kan tsohuwar kwamfuta burauza ta fi komai muhimmanci, ta nan yawancin masifa take shigowa.

Sai maganar filash, wadda ita ce ainihin annobar shagunanmu, ba sai da intanet ba. Kowa ya san bairos ɗin shotkot, ka sa filash ka ga duk fayilolinka sun koma masu 'yar kibiya, ɗalibi ya tsaya yana hawaye wai furojet ɗinsa ya ɓace. Bai ɓace ba, ɓoye shi aka yi, kuma danna shotkot ɗin nan shi ne yake tada ƙwayar ta shiga kwamfuta ta jira filash na gaba. Na koya wa yaron shago ya daina danna su, ya buɗe baƙin allon cmd ya rubuta attrib -h -r -s /s /d da harafin filash ɗin fayilolin su fito, ya kwashe na gaske ya goge sauran, na rubuta masa a takarda na manna a jikin bango kusa da firinta. Yanzu shi yake yi wa na maƙwabtan shaguna ma.

Aikin intanet kuwa, imel da cike fom da duba sakamako, muka mayar da shi kan wata tsohuwar laftof ta ƙanina da ke ajiye, ram giga 4, na ɗora mata Linux Mint 22 mai Xfce a madadin Windows, wadda ake yi wa afdet kyauta har 2029. Na yi zaton Kawu zai ƙi, amma da ya ga ga maɓallin farawa a ƙasa ga Firefox ga inda ake buga takarda bai ce komai ba, firinta ma tana sokawa ta gane ta. Ba zan ce babu matsala ba, takardar Word in an buɗe ta a LibreOffice, madadin Word ɗin da ke kan Linux, wani lokaci layuka suna ɗan gocewa musamman masu tebur, don haka muka saba a riƙa mayar da komai PDF kafin a buga. Ƙwayar shotkot ɗin nan kuma ba ta tashi a kan Linux, don haka filash ɗin da ba a yarda da shi ba a nan ake fara buɗe shi.

Ni ma kaina abin ya iso kaina, don ranar 14 ga Oktoban 2025 aka sallami Windows 10, kuma laftof ɗina Core i5 ce jenareshan na shida, lafiyarta ƙalau na sa mata SSD tana tashi cikin daƙiƙu, amma Windows 11 ta ce sai mai TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da firosesa daga jenareshan na takwas zuwa sama in Intel ce. Wannan karon dai an buɗe wa mutanen gida ƙofar da a lokacin 7 kamfanoni kawai aka buɗe wa, ana ce mata ESU, wadda aka sanar a 2025 a matsayin ƙarin shekara ɗaya na facin tsaro zuwa 13 ga Oktoban 2026. Ko ka biya dala 30, ko ka ba da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kuma ka shiga da akawun ɗin Microsoft ka yarda a riƙa ajiye saitin kwamfutarka a wajensu, wannan na ukun ba a biyan ko kwabo kuma shi na yi. Sharaɗin shi ne Windows 10 ɗinka ta kasance zubin 22H2, wato na ƙarshe, kuma mai lasisi, ta karɓi afdet ɗinta na baya, sai ka ga wurin yin rajista ya fito a shafin Windows Update. Abin da ya ba ni takaici shi ne duk wanda na tambaya a cikin abokaina babu wanda ya san da wannan, wasu ma afdet ɗin nasu a kashe yake tun ranar da suka sayi kwamfutar saboda data. Na san data tana da tsada, ni ma da dare nake bari in na sayi ta dare mai araha sannan in sake shi ya sauke, amma kashe shi ɗungurungum shi ne abin da ya bar kwamfutar Kawu a 2016.

Akwai masu ɗora Windows 11 a kan kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, da Rufus ake yi, wata manhajar ɗora Windows a kan filash, akwai wurin da za ka danna ya tsallake binciken TPM. Yana aiki, na gani a hannun mutane, sai dai kamfanin ya faɗa a fili bai ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfutar afdet ba, kuma in sabon zubi na shekara ya fito yawanci sai ka sake ɗorawa da hannu, in ka manta ka koma gidan jiya, kana kan 11 amma wadda wa'adinta ya ƙare. Irin ta Kawu kuwa ko da Rufus ba za ta tashi ba, daga zubin Windows 11 na 24H2 sai firosesa mai wasu umarni da Core 2 Duo ba ta da su. Akwai kuma Windows 10 IoT Enterprise LTSC 2021 da za a riƙe har Janairun 2032, ana ta yaɗa ta a matsayin mafita, amma lasisinta na kamfanoni ne da masu ƙera na'urori, wadda za a ɗora maka a kasuwa kusan kullum mai kirak ce.

Ni dai na yanke shawara kafin Oktoban 2026 zan raba had dis ɗina biyu in fara zama a Linux ina sabawa, abin da ya gagara in koma Windows in yi. Makon jiya na biya ta shagon Kawu da yamma na tarar yana sikanin wata taswirar fili a tsohuwar kwamfutar, wani ɗalibi kuma yana kan laftof yana cike fom, agogon kusurwa yana nuna daidai. Ya ce min wani ya zo da filash ya matsa lallai sai a haɗa ta teburin da intanet a tura masa aikinsa ta imel don yana sauri, shi kuma ya ce masa a'a, ya kwafe a filash ya kai kan laftof ya tura daga can. Ya jawo aljihun tebur ya nuna min ɗan abin wayifai ɗin yana nan inda ya ajiye shi, a cikin ledar katin biki.